Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin birnin Damagaram kan hanyar ruwa da ɓaraguzan gidajenmu

Zuwa ga mai girma Kantoman birnin Damagaram, da shugabannin gundumomi biyar na birni, da ma'aikatan da ke kula da tsara gari da ba da izinin gini.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku. Muna kuma miƙa gaisuwar ban girma ga Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamaninsa, domin wani sashe na maganarmu ya shafi Birni, tsohuwar unguwar da fada take, kuma ba a maganar Birni a tsallake fada.

Ni mai zanen gini ne, ɗan magini kuma. Na rubuto ne da yawun mutanen da muke haɗuwa kullum a bakin aiki: magina na laka da na siminti, masu buga bulo, masu amalanke da ke ɗaukar ƙasa da yashi, da matasan da suka koyi zane a kwamfuta amma ba a nemansu. Ba mu da ofis, ba mu da hatimi. Abin da muke da shi shi ne, idan katanga ta faɗi, mu ake fara kira, kuma mu ake fara zagi.

Ranka ya daɗe, ba sai mun tuna muku daminar 2024 ba. A ƙasa baki ɗaya ruwa ya ci rayuka kusan 400, ya taɓa mutum sama da miliyan ɗaya da rabi. Mu nan, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin Birni da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya zube, hotonsa ya zagaya duniya ta wayoyi. A watan Oktoba gwamnati ta rage farashin siminti don jama'a su samu su ta da gidajensu, kuma mun yaba da hakan. Sai dai araha ta siminti ba ta gaya wa mutum inda ya kamata ya aza harsashi. Abin da muke gani tun daga lokacin shi ne gini ya ci gaba yadda aka saba, a inda aka saba, da kuskuren da aka saba. Wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Kukanmu na farko a kan hanyar ruwa yake. Garinmu a kan dutse yake zaune. Duk wanda ya taɓa haƙa masai a wasu unguwanni ya san ba ya nisa zai ci karo da falale. Shi ya sa ruwan shanmu daga nesa ake jawo shi, daga su Gogo da Macaya da Arunguza. Shi ya sa kuma ruwan sama idan ya sauka ba ya nutsewa da sauri, gudu yake yi a doron ƙasa yana bin gangare har ya tarar da tafki. Dattawa sun san waɗannan hanyoyi da ka. To amma garin da ƙidayar 2012 ta ba shi mutum sama da 320,000, kuma yake ta faɗaɗa ta kowace kusurwa, ya fi ƙarfin a riƙe shi da ka. Idan akwai taswirar da ke nuna inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya, to ba ta iso hannun magini ba, kuma mai sayen fili bai san inda zai je ya duba ta ba. Mutum ya sayi fili a watan Maris, ƙasa a bushe ƙarau, ya zuba abin da ya tara shekara da shekaru, sai Agusta ta nuna masa cewa a cikin kwari ya yi gida. Wani ya cike filinsa ya ɗaga, ruwan ya koma ɗakin maƙwabci. A ɗaga titi ba a yi masa magudana ba, gidajen da ke gefe su wayi gari ƙasa da hanya.

Yin irin wannan taswira yau ba aikin da sai an jira baƙi daga waje ba ne. Manhajar zana taswira ta QGIS kyauta ce. Taswirar intanet ta OpenStreetMap a buɗe take ga kowa. Manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox tana aiki a wayar hannu ko babu intanet: a tsaya a bakin magudana, a ɗauki hoto, a rubuta faɗinta da zurfinta da ko ta toshe, wayar ta ajiye wurin. A Dar es Salaam ta Tanzaniya, tun 2015, shirin Ramani Huria ya haɗa ɗaliban jami'a da mutanen unguwa suka bi lungu-lungu suna sa magudanai da wuraren ambaliya a taswira. Mu ma ga Jami'ar André Salifou a cikin gari, tana yaye ɗaliban labarin ƙasa da na tsara birane. Mun san halin tsaro ya sa ba kowa ke tashin jirgi maras matuƙi ba sai da izini. To hukuma ce mai izinin, ta ɗauki hoton saman da kanta, yara su yi aikin ƙasa. Alamar ruwan 2024 ma har yanzu tana jikin wasu katangu, kuma duk mai unguwa zai iya nuna muku da yatsa inda ya tsaya. Idan aka yi sake aka yaɓe katangun nan ba a auna ba, shaidar ta tafi. Haka nan ayyukan gyaran gari na Zinder Sabuwa da aka yi a 2018 sun bar tituna da magudanai; zanen waɗannan ayyuka, duk inda yake ajiye, ya kamata a ciro shi a ɗora a taswira ɗaya da kowa zai gani.

Kuka na biyu shi ne ya fi ci mana rai, don ya taɓa sana'ar iyayenmu. Gidan da ya faɗi, kaya ne a zube. Maginin Hausa bai taɓa ɗaukar kango a matsayin shara ba. Ƙasar tsohuwar katanga ana farfasa ta, a jiƙa, a tattaka da ciyawa, ta sake zama tubali, kuma magina da yawa sun fi son ta a kan sabuwa don ta riga ta kwanta. Azara ta giginya, wadda gara ba ta cika yi mata illa ba, takan yi wa gida biyu ko uku hidima, daga kaka zuwa jika. Makuba da ake shafe bango da ita daga ɓawon ɗorawa ake yin ta. Laso kuwa, wanda ke hana soro yoyo, haɗi ne na katsi daga gindin marina, da gashin da majema suka kankare daga fata, da dafara. Wato abin da marini ya zubar da abin da majemi ya zubar, shi magini ke tarawa ya rufe ɗaki da shi. A garin da ya yi suna da jima da dukanci, wannan ba ƙaramin tsari ba ne. Yau ƙasashen Turai suna kashe kuɗi suna neman hanyar da kayan gini za su riƙa zagayawa haka, domin ɓaraguzan gini sun haura kashi ɗaya cikin uku na dukan sharar da Tarayyar Turai ke fitarwa. Mu da muka gada, muna zubarwa.

Ga abin da na gani da idona a wani aiki. An ba wani ɗan kwangila rushe tsohon gida don a yi shaguna. Don gaggawa ya kawo mota ta ture shi a yini guda. Azara masu kyau suka kakkarye, mata suka tsince guntayen suka kai murhu. Tsohuwar ƙofa ta tafi tare da su. Ƙasar kuwa aka kwashe aka juye a bakin tafki. Bayan 'yan kwanaki, mai ginin ya biya motoci su kawo masa jar ƙasa daga bayan gari don cikon daɓe. Ya biya kuɗin zubarwa, ya biya kuɗin sayowa, tafkin da ke shanye ruwan unguwar ya ragu, kuma can bayan gari an ƙara wani rami. A unguwar da ke kusa akwai masu neman azara ruwa a jallo, don giginya ta yi wuya ta yi tsada. Ba wanda ya gaya musu. Ban ga mugunta a wajen kowa ba. Babu dai wurin da zai kai kayan, babu kuma hanyar da mai nema zai ji labari.

Wannan giɓin waya za ta iya cike shi. A Holan, tun 2017, akwai kundin intanet mai suna Madaster da ake rubuta kayan da ke cikin gini, don ranar da aka zo rushe shi a san abin da za a tsira da shi. Ba mu ce a kwafo nasu ba. Namu zai iya zama mai sauƙi ƙwarai: wanda zai rushe gini ya sanar kwanaki kaɗan kafin ya fara, a ɗauki hoto, a ƙirga azara da kwano da ƙofofi da tagogi, a ƙiyasta amalanke nawa ne na ƙasa, a sa a wuri ɗaya da magina da masu saye za su gani, har da saƙon murya ta WhatsApp ga wanda ba ya karatun boko. Amma a yi da ilimi. Ƙasar da ke kusa da masai, da ta gindin bango da gishiri ya cinye, ba a mai da su tubali. Tsohon bulo da kankare da aka farfasa suna da kyau ga ciko da shimfiɗar hanya, amma kada a zuba ginshiƙi da su sai an gwada. Ƙarfen da aka lanƙwasa aka miƙe da guduma kada ya koma cikin ginshiƙin bene. Mun san ana yin haka a ɓoye saboda tsada, kuma rashin ka'ida ne ke ba shi mafaka.

Na uku: an yanke wa laka hukunci ba a saurare ta ba. Gaskiya ne yawancin gidajen da suka faɗi na ƙasa ne, ba mu musu. Amma mu da muka kwashe ɓaraguzan mun ga ta inda suka faɗi. Wasu ruwa ne ya kwanta a gindinsu kwana da kwanaki, alhali ba su da harsashin dutse, a garin da dutse ya yi mana yawa. Wasu indararo ne ya toshe, ruwa ya taru a soro. Wasu an rage musu kauri don a rage kuɗi. Da yawa kuma yaɓen siminti ne ya kashe su: siminti ba ya kama laka da kyau, yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali fuskarsa na sheƙi. Mai gida bai ankara ba sai ranar da ya zube gaba ɗaya.

Shi kuma bulo da kwano da ake gudu zuwa gare su, a tambayi wanda ya kwana cikinsu a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. A 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, kowa ya ga bambancin ɗakin soro da ɗakin kwano. Bulo yana son a shayar da shi ruwa kwanaki kafin ya yi ƙarfi, kuma lokacin gini shi ne rani, lokacin da mata da yara ke layi a famfo da jarkoki. Sakamakon haka, da yawa ba a shayar da shi yadda ya kamata, a kuma tsawaita buhu ɗaya ya buga fiye da ƙarfinsa, ka taɓa bulo ya marmashe a hannu. Masana sun ce masana'antar siminti na fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Ba wannan ne ke hana talakan Garin Malam barci ba, kuma rabon Nijar a ciki kaɗan ne. Abin da ya dame shi shi ne kowane buhu sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, daga masana'antar Malbaza ko daga ƙetaren iyaka, kuma shi ke biyan kuɗin motar.

Ba muna cewa a bar siminti ba ne. A sa shi inda ya dace: harsashi, ginshiƙi, magudana, masai. Tsakanin tubalin hannu da bulo akwai tubalin ƙasa da ake matsewa da inji, a sa masa siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Ba labarin wata ƙasa ba ne. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da irinsa, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu maimakon a rushe shi, aka kammala a 2018. Masallacin Yama da magini Falke Barmu ya gina da laka ya ci kyautar gine-gine ta duniya ta Aga Khan a 1986. Salon gini ba tare da itace ba, mai rufin baka da ƙubba na tubali, tun wajen 1980 ake yin sa a ƙasar nan. Duniya na zuwa kallon abin da hannun 'yan Nijar ya yi da ƙasa, mu kuma muna jin kunyar a ce gidanmu na laka ne.

Na huɗu ya shafi gine-ginen hukuma. Har yanzu yawancin ayyuka da zanen takarda ake ba da su, lissafin kaya kuma a wata takarda daban da ba lalle ta yi daidai da zanen ba. Daga nan ake samun siminti da ya yi yawa ya daskare a buhu, ko ƙarfe ya gaza aiki ya tsaya wata da watanni, ko a gama bango a dawo a fasa shi don an manta da bututu. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Akwai tsarin da ake kira BIM: a gina ginin gaba ɗaya a cikin kwamfuta tukuna, kowane bango da tsawonsa da kaurinsa da irin kayansa. Ka ƙara faɗin taga, lissafin bulo ya ragu da kansa. Inda bututu zai ci karo da ginshiƙi, a allo za a gani, ba bayan an zuba kankare ba. Idan an gama, wannan zanen ya zama tarihin ginin: mai gyara bayan shekara ashirin ya san inda waya ta bi, mai rushewa ya san abin da zai tsira da shi. Birtaniya ta wajabta shi a ayyukan gwamnatin tsakiya tun Afrilun 2016. Kuma, a faɗi gaskiya, lissafin da kwamfuta ta fitar kowa na gani ya fi wuyar a yi masa ƙari a ɓoye.

Kada a ɗora wannan tsari na BIM a kan talaka mai ɗaki biyu da zaure. Zai zama sabon haraji ne kawai. Wurinsa makaranta, asibiti, kasuwa. Ƙasarmu na da dubban azuzuwan zana da ake son musanyawa, kuma ba mu manta da gobarar Maraɗi ta Nuwamban 2021 da ta ci yara sama da 20 a irin waɗannan azuzuwa ba. Aji ɗaya da aka zana da kyau, na matsattsen tubali, mai harsashin dutse da rufin da iska ke ratsawa, da lissafinsa cikakke, za a iya maimaita shi a kowace gunduma ba tare da an sake biyan mai zane ba.

Abu na ƙarshe gajere ne. Duk taswira da zanen da aka yi da kuɗin jama'a su zauna a Damagaram, a sigar da kowace manhaja ke buɗewa, kada su tafi cikin kwamfutar wani ƙwararre ranar da kwangilarsa ta ƙare. Kuma tun da kundin sake gina ƙasa da gwamnati ta ƙaddamar a Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ka'idojin gini su fito da Hausa, a rubuce da kuma a murya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A fitar da taswirar hanyoyin ruwa da tafkuna da magudanai kafin damina mai zuwa, tare da jami'a da masu unguwanni, a manna ta a ofishin kowace gunduma, a kuma sa ta a intanet. Kafin a gama, a dakatar da yanka sababbin filaye a wuraren da kowa ya san kwari ne. Wanda ya zo neman izinin gini a nuna masa inda filinsa yake a taswirar, a gaya masa tsayin da zai ɗaga harsashi.

A ware fili a kowace gunduma inda za a kai ɓaraguzai a rarrabe: ƙasa gefe, bulo da kankare gefe, itace da ƙarfe gefe. A hana juye su a tafki da magudana, a hukunta mai yi, amma sai bayan an ba shi wurin kaiwa. A ba masu amalanke da matasan unguwa aikin rarrabewa da sayarwa, su ci abinci a ciki. A haɗa izinin rushe gini da sanarwar da muka ambata.

A zaɓi makaranta ɗaya cikin waɗanda za a gina, a yi ta da tsarin BIM da matsattsen tubali da kayan da aka tsira da su daga tsofaffin gine-gine, a bayyana abin da ta ci, a auna zafin ajinta a watan Afrilu a gwada da na bulo da kwano. Idan ba ta fi ba, ku faɗa wa jama'a, mu ma za mu karɓa.

Game da Birni kuwa, wanda ke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO tun 2006 don a sa su cikin kayan tarihi na duniya, alhali Agadas ta samu shiga a 2013, muna roƙon a zauna da fada da Sarkin magina da dattawan sana'a. A auna tsofaffin gidaje da zanen fuskarsu da abin da ya rage na ganuwar Sarki Tanimun, a ɗauki hotunansu ta kowane gefe yadda kwamfuta za ta iya fitar da siffarsu. A yi shela a tattara hotunan tsohon masallaci da ke cikin wayoyin mutane da akwatunan gidaje. A hana yaɓen siminti a kan tsohuwar laka a wannan unguwa, a taimaka wa masu gidajen da kuɗin yaɓen gargajiya, don nauyin ya fi ƙarfinsu su kaɗai. A naɗi muryar tsofaffin da suka san haɗin laso da ɗaurin guga, wato rufin soro mai baka, tun suna raye, a haɗa kowannensu da yara masu koyo.

Muna roƙon ku sa mana rana mu zo ofis, magina da masu amalanke da masu zane, mu kawo hotunan da muka ɗauka da jerin wuraren da muka ga ruwa ya kwanta. Aikin awon unguwa ta farko za mu yi shi kyauta, idan kun ba mu izini da ma'aikaci ɗaya da zai raka mu.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya. Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani mai zanen gini daga unguwar Zango, a madadin abokan aikinsa.